Maganaɗisun Jakar Uwargida

A rumfar mai gyaran keke, wani dattijo ya zuba ido ga wani mai keken lantarki da ke manna wani abu a hannun birki.

"Ɗana, wannan fa?"

"Maganaɗisu ne, Baba. Ina matsa birki zai yi nesa da wannan ɗan makunnin, wutar inji ta yanke. Da can ina birki, keke yana ja."

"Ina ka samo shi?"

"A bakin jakar matata. Da kanta ta ɓalle min, ranar da muka afka shagon mai ƙwai, tana bayana."

Dattijo ya gyara zama.

"Ashe kai ne! Ranar ba na shagon. Ƙara masa gam, ɗana. Jiya na sake saro ƙwai."