Malam Sharhabil da Ma'aunin da Muka Yi wa Dariya

Jawabin Shehu Kafinta a farfajiyar Islamiyyar Layin Gada, Rafin Guza, a taron tunawa da marigayi Malam Sharhabil Audi, wata biyar da rasuwarsa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam Liman. Wakilin kansila, sannu da hanya. Shugaban Ƙungiyar Mazauna Layin Gada, Alhaji Nasiru, na gan ka a kujerar gaba, zan zo kanka. Tsofaffin abokan aikin marigayi da kuka taso daga Unguwar Dosa da Kawo, Allah ya ba da ladan zumunci. Hajiya Harira, mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa Abba da Bilkisu, Allah ya ƙara muku haƙuri. Iyayenmu mata, 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Ni ne Shehu, kafinta. Shekara ashirin da uku shagona yana kallon ƙofar gidan Malam Sharhabil. Jiya ƙungiya ta aiko mini da takarda an buga ta tsaf, wai ita zan karanta. Ba zan karanta ba. A ciki an ce marigayi "ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shugabannin unguwa". Ƙarya ce, kuma ba ni za a sa in yi ta a gaban iyalinsa ba. Hajiya ce ta zaɓe ni, ta ce, "Malam Shehu, ka faɗi abin da idonka ya gani." To shi zan faɗa.

Ya kasance ma'aikacin gwamnati mai zanen taswirar gine-gine har shekara talatin da biyar, ya ajiye aiki da gidan nan mai ɗaki huɗu da tsohon babur ɗaya. Ya kasance mutumin da ba ya ɗaga murya, har wasunmu suka ɗauki shirunsa rashin wayo ne. Ya kasance, bayan ritaya, yana zama a zaurensa yana gina ƙananan gidaje na kwali da siririn katako, irin waɗanda masu gini ke kira samfuri, don mutum ya ga gininsa a kan tebur kafin ya haƙa ƙasa. Makarantar nan da muke ciki, sai da ya gina ta ƙarama, kyauta. A nan aka gane matakalar bene za ta toshe tagogin aji biyu, aka gyara kafin a sayi bulo ko ɗaya.

Yanzu maganar kwalbati, domin baƙinmu ba su san ta ba. Shekara uku da suka wuce aka samo mana aikin kwalbati saboda ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa rafi. Aka bar wa ƙungiya ta nuna inda za a sa shi. Hanyar ruwan ta asali ta bi ta gaban shagunan Alhaji Nasiru guda shida. Alhaji ya ce a karkatar da shi ta kwanar ƙasa. Malam Sharhabil ya miƙe ya ce in aka yi haka ruwa zai dawo cikin gidajen layin ƙasa. Aka ce masa, "Ina hujja?" Ya ce a ba shi lokaci.

Washegari ya tsallako shagona. Ya ce, "Shehu, layin nan gaba ɗaya zan gina a kan allo. Amma reza da almakashi da rular makaranta ba za su yi wannan aikin ba. Santimita ɗaya a teburina mita biyu ce a ƙasa. In na kauce da kaurin tsinken ashana, ruwan da na ce zai tsaya a idon sawu sai ya kai gwiwa."

Ina so ku ji yadda mutumin nan ya sayi kayan aikinsa, domin an yi ta yaɗawa a majalisu cewa tsufa ne ya taɓa shi yake ɓarnar kuɗi. Ni na raka shi. Mun fara da Panteka, ko maƙera za su ƙera masa ƙaramin zarto da arha. Sun ƙera, sun yi ƙoƙari, amma haƙoransa yaga katakon suke yi maimakon yanka. Muka zaga kasuwa kwana biyu kafin mu samu mai shagon da ke da ma'aunin kauri, wani ɗan ƙarfe mai baki kamar sufana da ke auna abu har sirantakar gashi. Iri biyu ne, ɗaya ya ninka ɗayan kuɗi sau biyar. Na ce, "Malam, ɗauki mai arhan mu tafi, ai duk ƙarfe ne." Ya zaro makullin gidansa ya auna da mai arhan sau uku, ya samu amsa uku. Ya auna da mai tsadan sau uku, amsa ɗaya. Ya ajiye duka biyun, ya ce wa mai shago zai yi shawara.

Mako uku yana shawarar nan. Ya rubuta duk abin da yake so, ya bi yana sokewa. Injin yanka na lantarki, wanda ya fi kwanta masa a rai, ya soke shi, ya ce kuɗinsa zai ciyar da gidansa wata huɗu, ga shi wutar ma ba ta zama. Injin fesa fenti ya soke, ya ce ruwa bai damu da launi ba. Abu huɗu ya bari: ma'aunin nan mai tsada, da ƙaramin zarto mai laushin haƙora, da wuƙar yanka mai bakin da ake sauyawa, da gilashin ƙara girma, don idonsa ya fara rauni. Ban da ma'aunin, sauran sai an aiko daga Legas.

Hajiya tana nan, ta ƙaryata ni in na ƙara. Da ya gaya mata kuɗin ma'aunin, ta ce, "Malam, ɗan ƙarfen da ke shiga aljihu ne ya kai buhun shinkafa?" Ya ce, "Ya ɗan fi." Ta ce, "In ka sayi mai arhan fa?" Ya ce, "Sai in tsaya gaban jama'a in faɗi abin da ni kaina ban tabbatar ba." Ta ce, "To sayar da babur ɗin, amma kar ka taɓa kuɗin makarantar Bilkisu." Haka aka yi. Dattijo mai shekara sittin da bakwai ya koma tafiyar ƙasa. Ranar da saƙon ya iso tashar Kawo, rungume ya tako da shi har gida, don kar a matse masa kwalin a mota.

Wata huɗu yana aikin. Ya bi layin nan gida gida da tiyon ruwa irin na magina, yana durƙusawa yana auna tsayin kowane dokin ƙofa. Ni na ba shi fentin da ke hana kwali jiƙa. Ranar taron ƙungiya ni na turo allon a kura har cikin farfajiyar nan, daidai inda aka jera kujerun manyan baƙi. Kowa ya ga gidansa, har mangwaron ƙofar Liman. Malam ya jiƙa bula a buta ya dinga tsiyayawa a hankali daga bakin tudu. Da ɗan kwalbatin yana gaban shaguna, ruwa ya wuce rafi abinsa. Ya ɗauke shi ya mayar kwanar ƙasa, ya sake zubawa. Shuɗin ruwan ya taru, ya juyo, ya shiga gida goma sha ɗaya.

Alhaji Nasiru, me ka ce a ranar? In ka manta, ni ban manta ba. Ka ce, "Malam, jikokinka ba sa gida ne? Kai musu su yi wasan 'yar tsana. An ce har babur ka sayar a kan wannan shirmen." Aka fashe da dariya. Zauna, Alhaji, ban gama ba. Ranar da ka yi taka ya saurare ka har ƙarshe, yau kai ma za ka saurara.

Kuma kada kowa ya gyara zama yana kallon Alhaji shi kaɗai. Mu muka yi dariyar. Ni da na turo kurar, ni ma na yi, don a makon aka ba ni aikin rufin shagunan nan, ban so ya kuɓuce mini ba. Malam ya dube ni sau ɗaya. Ya sa tsumma ya goge allon, ya ce, "Shehu, taimaka mini mu mayar." Mutum arba'in muka ɗaga hannu a kan kwanar ƙasa. Shi kaɗai hannunsa ke kan cinya.

Agustan bara, ranar Alhamis bayan La'asar, aka yi ruwan awa biyu. Gida goma sha ɗaya ya shiga, ba goma ba, ba sha biyu ba, kuma su ɗin dai da bula ta shiga. Katangar ɗakin Iya Kaltume mai ƙosai ta faɗo mata a ƙafa. Ga ta can gefen rumfar mata a keken guragu, matar da ta shekara talatin tana riƙe da kanta da kaskonta. Shagunan Alhaji kuwa ko dandamalinsu ruwa bai hau ba.

Ya kasance mai bakin da zai ce "ai na gaya muku", bai taɓa cewa ba. Da gari ya waye na same shi a gidan Iya Kaltume yana auna shatin da ruwa ya bari a bango. Tsakanin abin da samfurinsa ya nuna da abin da ya faru, bambancin bai kai yatsa uku ba. Na ce, "Malam, ma'auninka ya yi gaskiya." Sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Wallahi Shehu, na so a ce ni ne na yi kuskure." Ya koma zaure ya gyara samfurin, ya fitar da yadda za a buɗe wa ruwa hanya ba tare da an rushe shagon kowa ba. Takarda uku ya rubuta wa ƙungiya. Har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, har Allah ya karɓi abinsa, ba a amsa masa ko ɗaya ba.

Amma ranar addu'ar uku an samu bakin magana. Mutane na zaune a tabarma, ɗan saƙon shugaba ya zagaya ta bayan gida ya aika wa matar da ke takaba cewa ƙungiya na son samfurin ta ƙawata ofis da shi, kayan aikin kuma za a "rage mata nauyinsu" a kuɗin da bai kai na zarton kaɗai ba. Ku ɗaga kai ku dubi ƙyallen da aka rataya a bayana. Hoton wa ya fi girma, na mamacin ko na shugaba? Allah gafarta Malam Liman, na ga kana mini alama da hannu, na kusa. Ba fitina nake son tayarwa ba. Mamaci ba ya kare kansa, shi ya sa na tsaya masa, duk da na makara.

Hajiya, ki yafe mana. Ke kika yi watanni kina miya ba nama, mu muka yi dariya. Abba, Bilkisu, duk wanda ya ce muku mahaifinku ya tsufa yana wasan yara, ku kawo mini shi shago. Ku riƙe kayan nan, ku dinga shafa musu mai kada su yi tsatsa. Babu mai darajar sayensu a layin nan.

Ga saƙon Hajiya ga ƙungiya. Samfurin ba zai shiga ofishin kowa ba. Allon sunan marigayi da kuke shirin liƙawa a jikin kwalbatin, ba ta yarda ba. Ba za a rubuta sunan mijinta a kan abin da ya ce kar a gina ba. In girmama shi kuke so, ga gyaran da ya zana, a aiwatar. Mu kuma jama'ar layin nan ga namu. Muna cikin Mayu, jiya kowa ya ga hadari a gabas. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, da kai wakilin kansila, muna roƙon kafin a kwashe kujerun nan a sa ranar fara aiki, a faɗe ta a lasifika kowa ya ji. Katakon zuba kankare ni zan kawo, kyauta, iyakar abin da zan iya ke nan. Shugaban da zai tare hanya kuma, ya ajiye mana muƙaminmu tun yau.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da matan da suka yi girki, da malaman makarantar nan da suka ba mu wuri.

Allah ya jiƙan Malam Sharhabil, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa duk durƙuson da ya yi a ƙofar gidajenmu ya same shi a mizani. Allah ya tashi kafaɗar Iya Kaltume. Allah ya albarkaci abin da marigayi ya bari. Mu da muka yi dariya, Allah ya yafe mana bayan iyalinsa sun yafe. Wanda kuwa ya ga gaskiya ya danne ta saboda shagonsa, in mai shiryuwa ne Allah ya shirye shi, in ba haka ba Allah ya raba layin nan da shi. Amin.

Ranka ya daɗe, ga lasifikar.