Binne da Saƙon Kano

A tashar Matameye wani dattijo ya miƙa wa matar da ke kusa da shi waya.

"Hajiya, kina jin Ingilishi? Ɗana ya turo hasashen ruwa daga Kano."

"An rubuta maybe, wato ko ya zo ko ya ƙi. Da probably ne, da an fi sa rai."

"Duk ɗaya ne, ruwa na Allah ne."

"Haka ne, Baba, amma ni kan maybe ba zan binne iri a busasshiyar ƙasa ba."

"Shekara hamsin ina binne, ban taɓa tambayar Bature ba."

"To me ya sa ka ba ni wayar?"

Ya karɓi abarsa. "Jiya na binne. Tiya uku, kuma su ke nan gare ni."