Ƙafar da Aka Binne a Malanville

Zamanin soja ne. A tashar motar Gaya, garin bakin iyaka, Sa'idu manomi ya zauna kusa da wata dattijuwa mai rungume da dogon ƙunshi.

"Inna, ba da kayan a ɗora sama mana."

"Ba kaya ba ne, ɗana. Ƙafar mijina ce."

Sa'idu ya ja jiki.

"Likita ya yanke ta a Malanville, tsallaken gadar iyaka, aka binne ta can. Bara ya rasu a Yelu. Ƙasusuwan na tono in kai masa."

"Me mamaci zai yi da ƙafa?"

"Mu Kirista ne. Yesu da jikinsa ya tashi, har kifi ya ci. Mu ma da jikin nan za mu tashi. In bar shi ya tashi yana dogara sanda?"

"Ai Allahn da zai ta da shi ya san inda ƙafar take."

"Haka fasto ya ce. Amma ba fasto sandar take bi ba. Tun da ya rasu nake jin ƙarar sandarsa a bayana."

"Jandarmomi fa suna kwance kowane ƙunshi a shinge. Suka ga ƙashin mutum, sai kaso."

"Na sani. Amma tun da na tsallako gada sandar ta yi shiru. Yanzu takun ƙafa biyu nake ji."

Sa'idu ya waiwaya, babu kowa. Ya kwance bakin buhun shinkafarsa.

"Tura ta ƙasa, Inna. Ba sa tonawa har can."

Da suka shiga mota, ya bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsu.