Gwanin da Ba Ya Biya a Gidan Gem

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya? Ni ne Sanusi mai gidan gem a Talata Mafara.

Bana na sayar da bijimi na sayo sabuwar na'urar wasan ƙwallo. Tsadarta ta sa dole na ƙara kuɗin wasa. To, al'adarmu a nan, wanda aka ci shi ke biya. Akwai wani Bello da ba a cinsa, kullum wuni yake yana bugawa kyauta. Masu biyan sun gaji, sun koma 'yan kallo.

Na ce masa a riƙa raba kuɗin, ya ce, "Haba Yaya, wanda anka ci shi ka biya."

Jama'a, ku ba ni shawara. Bellon nan ƙanen matata ne, kuma bijimin da na sayar nata ne.