Tutar Jirgin da Aka Kama

Ina zaune a bakin kogin Kanton, ina tunanin ko idanun da ake zana wa jiragen ruwa a goshi suna ƙiftawa, sai wata mata ta tare wani dattijo da ke karanta sanarwa a bango.

"Kawu, ban iya karatu ba. Maganar jirgin da sojojin gwamna suka kama ce?"

"Ita ce! Jakadan Ingila ya ce an ci mutuncin tutarsu da ke kan jirgin, gwamna ya ce ba a ma ɗaga ta ba. Wasiƙa ta bakwai ke nan tsakaninsu. Kin san wa ya ɗinka tutar? Ni!"

"Sannu da aiki. Duba mini sunan Kwok Shing."

"Wane ne kuma?"

"Mijina. Shi ke tuƙa jirgin. Kwanansa ashirin a ɗaure."

"Bari mu gani. Tuta, tuta, girman sarauniya, tuta. Yauwa: 'da wasu matuƙa.'"

"Shi ke nan?"

"Ƙanwata, manya ke magana. Zanin gado ne fa na rina, ga shi yau jiragen yaƙin Ingila na tahowa saboda shi!"

"In suka yi harbi, wa gwamna zai fara yankawa?"

Dattijon ya kau da kai.

"Kana da sauran ƙyallen, kawu?"

"Akwai."

"To ɗinka mini wata tutar, daidai tsawon mutum. Ranar da suka miƙo mini mijina gawa, in naɗe shi a ciki. Wataƙila a tambayi wanda ya taɓa shi."