Ranar da na tsaya wa aradu a hilin jirgi

Akuya guda na saida, na hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Allakaye, shekarar da hatsi ya ƙi. Ku matso, ba ni ɗaga murya. Can bakin teku na samu aiki a hilin jirgi, muna loda jakunkunan matahiya, mu shida 'yan Adar. Su can "awiyo" suke ce ma jirgi, sai ka ce ana kiran akuya.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu wurin aiki, wani gajere ne, ba shi dariya. Doka guda yake maimaitawa kullum: in hadari ya taso anka busa jiniya, a bar shan mai, a yar da komi, a shige ɗaki. Ko ƙarƙashin hiffiken jirgi ba a laɓewa.

Wata rana agogo ya ɓace cikin jakar wani bature, ni kuwa ni na loda jakar. Baturen ya kwatanta muna shi, agogo ne mai jan madauri. Shef ya ce, "Idi, kai ne?"

Na ce, "Shef, aradu ban taɓa ba."

Bai san nauyin maganar ba, ya ɗaga kahwaɗa. Amma 'yan garinmu sun ji, sunka riƙa kallona a kaikaice. Abin ya ƙona mani rai, don in labari ya riga ni gida, ni da ɗiyana mun zama gidan ɓarayi ke nan.

Da la'asar hadari ya haɗo, jiniya ta yi kuka, kowa ya ruga. Ni kuwa na taka tsakiyar hili na tsaya. Kun san a wurinmu aradu mai rantsuwar ƙarya take nema. Na ce to ga ni, ta zo.

Kai! Ta sauka bisa wani dogon ƙarhen hitila kusa da ni, na hwaɗi zaune, kunnen nan ya toshe har yau. Shef da kanshi ya hito cikin ruwa ya ja ni da kwala.

Cikin ɗaki ya ce, "Mahaukaci! Ita tsawa ta san ɓarawo? Abin da ya hi tsawo take bi."

Na ce, "To ai ba ta same ni ba."

Ya ce, "Ni ka sa na hita cikin hadari. Ajiye rigar aiki."

Ba don agogo anka kore ni ba, don tsayuwar. 'Yan Adar kuwa sunka zo ɗaya ɗaya suna ba ni hannu, labarin ya iso gida kahin ni, ba wanda ya ƙara ce mani komi.

Bayan shekara ukku na je kasuwar Tamaske, na gamu da ɗaya cikin mu shidan. Ya miƙo hannu mu gaisa, sai ga agogon bature mai jan madauri a wuyan hannunshi. Ranar hadarin yana cikin ɗaki, ko jiƙewa bai yi ba.