Ƙarin kunnen Inna bai jira kaka ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Laminu daga Falanko, bana na gama karatun jinya.

Mahaifiyata ta daɗe ba ta ji da kunnen hagu. Da jiri ya fara kayar da ita, hoton asibiti ya nuna ƙari a jijiyar ji. Likita ya ce ba cutar daji ba ce, kuma tunda bai kai santimita uku ba, ana iya harba masa hasken na'ura a ƙasar waje, ba yanka. Ji ba zai dawo ba, amma galibi ƙarin yakan daina girma.

Baffana, mai riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, ya ce: "Laminu, wa ke tafiya ana noma? Bari hatsi ya shiga rumbu."

Na bi maganarsa, don ba a musu da baffa. Bayan kaka ya ce sai yayyena sun dawo daga ci-rani. Damina ta sake zuwa.

Sabon hoto ya nuna ƙarin ya wuce santimita ukun. Yanzu sai an buɗe kanta.

Jiya Baffa ya tambaye ni me ya sa ban matsa masa ba, tunda ni na yi karatu. Masu sauraro, me zan ce masa?